Koguna biyu a ƙofar gida, amma muna sayen ruwa a barmil

Kakana, Allah ya jiƙansa, ɗan ga-ruwa ne. Ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar zuwa Makka, guzuri ya ƙare masa a Umdurman, sai ya nemi sanda da garwa biyu ya shiga kai ruwa gida-gida. Mahaifiyata ta ce har ya koma ga Allah akwai kanta a kafaɗarsa ta dama. Wai kullum yana ce wa 'ya'yansa su yi karatu, don famfo ya shigo gari, sana'ar ga-ruwa ta kusa mutuwa.

To, mun yi karatun. Ni jikansa na gama kwalejin horar da malamai, yau shekaruna kusan goma ina riƙe da alli. Amma a watan Mayun 2025, ni ɗin nan ne na tsaya a bakin titi a unguwar Saura, arewacin Umdurman, da jarka biyu a hannu tun bayan asuba, ina jiran jakin mai karo. Ina tsaye ina tuna maganar kakana, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Tun daga ranar na shiga tambaya: ruwan nan daga ina yake zuwa, wa yake tace shi, kuma idan mun gama amfani da shi ina yake tafiya? Na tambayi wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga aikin ruwa, na tambayi masu karo, na tambayi masu haƙar rijiya. Abin da na tattara shi ne nake so in raba da 'yan'uwa, musamman masu shirin komawa gidajensu.

Daga kogi zuwa famfo

Duk wanda ya san birnin nan ya san gari uku ne a wuri ɗaya: Khartum, Umdurman da Bahri. A Mugran ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, kusa da tsibirin Tuti, su zama kogi guda su nufi Masar. Birni kaɗan ne a Afirka Allah ya ba wa ruwa irin haka.

Hukumar Ruwa ta Jihar Khartum ce ke da alhakin ruwan sha, kuma hanya biyu take samo shi. Ta farko ita ce tashoshin da ke bakin kogi. Mafi tsufa su ne Burri a gefen Khartum da Baitul Mal a Umdurman, waɗanda aka gina tun shekarun 1920, zamanin Turawa. Daga baya aka yi ta Bahri, aka yi ta Mugran, sannan Soba da Jabal Auliya. Babbar da ta fi shafar mu mutanen arewacin Umdurman ita ce Manara, wadda kamfanin Biwater na Ingila ya gina, aka buɗe ta a 2010, da ƙarfin tace lita miliyan 200 a rana. Hanya ta biyu ita ce rijiyoyin burtsatse masu zurfi da ke warwatse cikin unguwanni. Wani babban kaso na ruwan birnin daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, musamman a unguwannin da suka yi nisa da kogi.

Dattijon nan ya zana mini aikin tasha a ƙasa da sandarsa. Injina ne ke zuƙo ruwan kogi zuwa manyan kwatamai. A zuba masa alif, wanda a nan muke ce wa shab, ko wani sinadari mai aiki irin nasa, don laka ta dunƙule ta kwanta. Daga nan ruwan ya ratsa yashi ya ƙara tacewa, a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, a tara a tanki, sannan wasu injinan su tura shi cikin bututu.

Ya ɗago kai ya ce mini, "Ɗana, ƙirga injin nawa na ambata."

Na ce, "Baba, na farko da na ƙarshe."

Ya ce, "To garin nan shimfiɗe yake kamar tabarma. Babu tudun da ruwa zai gangaro da kansa. Duk ɗigon da ka sha, wuta ce ta kawo maka shi. Ranar da babu wuta, babu ruwa."

Kogin ma yana da halinsa. Daga Yuli zuwa Satumba, idan damina ta sauka a tsaunukan Habasha, Shuɗin Nilu yakan zo jajir da laka. A lokacin tashoshi suna cin sinadari ninkin-ba-ninkin, kuma dole su rage yawan ruwan da suke tacewa. Shi ya sa muke ganin abin mamaki kowace shekara: kogi ya cika ya batse, famfo kuma yana kawo ruwa kamar kunun kanwa, ko ma ya ƙi kawowa. A Yulin 2020, lokacin da Habasha ta fara cika babbar madatsar ruwanta, kogi ya ja baya kwatsam, har hukumar ruwa ta sanar cewa wasu tashoshi, ciki har da Salha da Baitul Mal, sun tsaya domin bakin bututunsu ya rage a tudu. Ba a yi wata biyu ba, a Satumba, kogin ya yi cikar da ta wuce ta 1946 da ta 1988, ya ci gidaje. Shekara ɗaya, ja baya da ambaliya.

Waɗanda famfo bai kai gare su ba

Ni a Mayo na tashi, kudancin Khartum, inda Hausawa suke da yawa. Mu da mutanen Ingaz, da na gefen Umbadda da Darus Salam, mun san wani tsarin ruwan daban: karo. Barmil a kan amalanke, jaki yana ja, yaro yana buga ƙarfe don a san ya iso. Shi zai saya a bakin rijiya, ya sayar mana a jarka ko a barmil sukutum.

Birnin ya faɗaɗa da sauri fiye da bututunsa. Fari na shekarun 1980 da yaƙe-yaƙen kudu da na Darfur sun turo dubban mutane gefen gari, aka yanka musu filaye, bututu bai biyo su ba. Inda ya biyo ma, sau da yawa tsohon bututu ne mai tsatstsagewa, ko ƙarami ne da aka shimfiɗa don gida ɗari, yanzu gida dubu suke sha.

Ga kuma lissafin da ya fi ci mini rai a matsayina na mai koyar da lissafi. Yawancin gidajen da ke da famfo ba su da mita. Kuɗin wata ne tsayayye, gwargwadon darajar unguwa, kuma an haɗa shi da sayen wuta: idan ka je sayen lantarki a farkon wata, a nan ake cire na ruwa. Ke nan mai famfo, ko ya wanke mota ya shayar da lambu, kuɗinsa ɗaya ne. Matar da ke gefen gari kuwa kowace jarka sai ta biya. Idan ka raba kuɗin da yawan litar da kowa ya samu, talaka ne yake sayen ruwa mafi tsada a birnin nan. Na taɓa ba wa 'yan aji shida wannan a matsayin aikin gida. Wata yarinya ta kawo amsa daidai, ta rubuta a ƙasa: "Ustaz, to me ya sa?"

Sai kuma maganar mota, wato ƙaramin injin da kusan kowane mai hali ya ɗaura a bakin bututun gidansa. Da ƙarfin ruwa ya ragu, sai kowa ya kunna nasa yana zuƙa. Mai babban inji ya kwashe, na ƙarshen layi ya tashi a tutar babu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi, idan ya fashe, waje yake fesawa. Wanda babu ƙarfi a cikinsa kuma ana zuƙarsa, ciki yake jawowa. Duk ƙazantar da ke kwance kusa da tsagar, ita ce za ta shigo ta taho har cikin randarka.

Inda ruwan yake tafiya

A kwaleji an koya mana zagayowar ruwa, daga teku zuwa gajimare zuwa ƙasa, muka zana a allo da alli mai launi. Babu malamin da ya zana mana zagayowar ruwan unguwa, daga bayan gida zuwa rijiya.

Zamanin Turawa da bokiti ake kwashe bayan gida da dare. A shekarun 1950 aka shimfiɗa bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar Khartum, wanda daga baya aka riƙa kai ruwansa tafkunan tacewa na Soba. Bahri ma ta samu nata ƙaramin tsarin, galibi don unguwar masana'antu, da matatar da ke wajen Haj Yusuf. Duka biyun ɗan yanki kaɗan na birnin suka rufe. Umdurman kuwa, duk girmanta da tarihinta, ba a taɓa yi mata irin wannan bututu na gari gaba ɗaya ba.

To sauran miliyoyin fa? Talaka yana haƙa masai. Mai hali yana yin abin da muke kira saifon: tankin siminti da ke tara ƙazanta, sai wata rijiya ta daban da ake haƙawa har a tarar da ruwan ƙasa, don ruwan dattin ya riƙa shigewa can ya ɓace. Mai gida yana murna saifon ɗinsa ba ya cika. Ai dole ba zai cika ba, tun da cikin ruwan ƙasa yake zubewa. Masana sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan, domin rijiyar sha da ba ta yi zurfi sosai ba, ko wadda ba a toshe gefenta da kyau ba, daga wannan ruwan na sama take iya sha.

Idan damina ta zo kuma, magudanan da shara ta toshe su cika, masai su tumbatsa, ruwa ya kwanta a titi mako guda. Daga 2016 zuwa 2018 ƙasar nan ta sha fama da cutar da gwamnatin wancan lokaci ta ƙi kira da sunanta, aka ce wai "gudawa mai ruwa-ruwa" ce. Mu dai a unguwa mun san sunanta.

Makon da wuta ta ɗauke

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, waɗanda a nan muke kira Da'ama. Tun kwanakin farko tashar ruwa ta Bahri ta tsaya, mutanen can suka yi watanni suna ɗiba daga kogi da tsofaffin rijiyoyi, wasu a bakin ransu. Mu muka baro Mayo muka koma gidan kawuna a Saura, gida mai ɗaki uku ya ɗauki mutum goma sha tara. Makarantu sun zama matsugunin 'yan gudun hijira, don haka na tara yaran layinmu ina koya musu karatu a ƙarƙashin rumfa.

A watan Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta ayyana ɓullar kwalara a ƙasar. A Maris ɗin 2025 sojoji suka karɓe tsakiyar Khartum, mutane suka fara dawowa, muka ce ko an samu sauƙi. Sai a tsakiyar Mayu jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashoshin lantarki na Umdurman. Wuta ta ɗauke a jihar, injinan ruwa suka yi shiru. Na tuna maganar dattijo.

Kwana biyu, uku, randuna suka bushe. Kuɗin barmil ya ninka, ya sake ninkawa. Masu karo da ba su samu a rijiya ba suka gangara kogi suka cika. Ba na zarginsu, wallahi. Mutane na bin su da kuɗi a hannu suna roƙo, yara na kuka, ga zafin Mayu. Kafin ƙarshen watan ma'aikatar lafiya ta sanar da mutuwar mutum 172 cikin mako guda, mafi yawansu a jihar Khartum.

Cikin yaran rumfata akwai wani ɗan shekara tara, mai son zama gaba. Wata safiya bai zo ba. Da azahar mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Na tarar da shi kwance, idanu sun faɗa, fatar hannu idan ka ja ba ta komawa. Ƙanwarsa tana gefe, ita tun dare take yi.

Uwar ta ce, "Ustaz, na ba su jiƙo, na hana su ruwa don cikin ya tsaya."

Na ce, "Yaya, ruwan ne maganin. Kawo sukari da gishiri."

Muka tafasa ruwa, muka auna lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Muka riƙa ba su kaɗan-kaɗan har samarin ɗakin agajin gaggawa na unguwa suka samo abin hawa. Yaron ya tashi bayan kwana huɗu a cibiyar jinya. Ƙanwar, 'yar shekara uku, ba ta kai magariba ba. Ma'aikatan lafiya ne suka shirya ta da ruwan kulorin, ba su bari mata sun yi mata wanka a gida kamar yadda aka saba ba. Uwar ta ji zafin wannan ƙwarai. Limaminmu ne ya zauna da ita ya yi mata bayani cewa kare rayukan masu wankan ma wajibi ne.

Har yau ina tunanin sa'o'in daren nan da aka hana yarinyar ruwa. Gidansu da rumfata taku hamsin ne. Na koya wa yayanta jadawalin bakwai, ban koya masa cokali shida da rabi ba.

Rijiyar unguwarmu

Bayan damina na je duba gidanmu a Mayo. An kwashe wayoyin wuta, an cire injin rijiyar unguwa. Mutanen da suka dawo suka kafa kwamiti, 'yan'uwa da ke Saudiyya da Libiya suka aiko da gudummawa, aka sayi faifan sola da sabon inji. Ranar da ruwa ya fito, tsofaffi mata har guɗa suka yi. Wannan abu yana faruwa a unguwanni da yawa yanzu, kuma alheri ne: rijiyar da rana ke juyawa ba ruwanta da tashar lantarki.

Amma ba a yi wata ba rigima ta tashi. Wani kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda gidansa ke jikin rijiyar, ya kawo masu haƙa zai yi saifon. Shi ne kuma ya fi kowa ba da kuɗin sola. Kwamiti suka rasa mai yi masa magana, suka ce ni ɗansa ne, kuma malami, in je.

Na same shi bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ramin nan bai kai taku ashirin ba daga rijiya. Masu aikin lafiya suna cewa ko masai ne a nisanta shi da mita 30. Naka kuwa har ruwan ƙasa za a kai shi."

Ya ce, "Kai yaro, filina ne ko filin gwamnati? Shekara biyu ina gudun hijira ina bin layin bayan gida da yara. Yanzu na dawo gidana ka ce kada in rufa wa iyalina asiri?"

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ban da amsar da za ta share ta. Na dai ba shi labarin yarinyar nan. Ya yi shiru, ya ce in tashi in tafi zai yi tunani. Kwana uku ba ya amsa gaisuwata da kyau. Daga ƙarshe limami da dattawa suka shiga tsakani, aka tsaya a kan zai yi tankin siminti rufaffe a can ƙarshen gidan, mota ta riƙa zuwa tana kwashewa, unguwa kuma ta ɗauki rabin kuɗin kwashewar daga abin da masu karo ke biya a bakin rijiya. Ya yarda, amma ya ce a rubuta a takarda, don ya san halinmu. Aka rubuta, ni na riƙe alƙalamin.

Na san wannan maganin layi ɗaya ne. Motar da za ta kwashe ma, sai an tambaya ina take zubarwa, domin idan a bakin kwari ta juye, damina za ta dawo mana da shi.

Abin da ke hannunmu, da abin da za mu nema

Ga masu dawowa gida, ga abin da na koya da tsada. Kada a sha ruwan farko da ya fito daga famfon da ya daɗe a bushe, a bar shi ya zuba, a wanke tanki. Ruwa mai laka a bar shi ya kwanta tukuna. Iyayenmu mata da matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna daka 'ya'yan zogale su zuba a tulu don laka ta kwanta, har Larabawan nan suna kiran bishiyar rawwag, wato mai tace ruwa. Yana aiki, amma ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka daga cuta ba. Bayan ya kwanta sai a tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin gwargwadon umarnin da ke jikinta a jira minti 30. Randar sabil da muke ajiyewa a ƙofar gida don masu wucewa, sadaka ce mai kyau, amma a rufe ta, a sa mata moɗa mai dogon hannu. Butar alwala da tankin masallaci ma a kula da su, tun da da ruwan muke kurkure baki sau biyar a rana. Mai amai da gudawa kuma a ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kama hanyar asibiti.

Sauran kuwa ya fi ƙarfin gida ɗaya. Yanzu da ake maganar sake gina birnin, kwamitocin unguwanninmu su shiga da buƙata a rubuce: tashoshin ruwa su samu wutarsu ta kansu da ba za ta ɗauke tare da ta gari ba. A riƙa auna ruwan rijiyoyin unguwa, a liƙa sakamakon inda kowa zai gani. A sa kulorin a barmil ɗin masu karo tun daga bakin rijiya, tun da su ne bututun talaka. A hana haƙa saifon zuwa ruwan ƙasa, amma a ba mutane wata mafita da za su iya biya. Kuma idan an zo shimfiɗa sabon bututu, kada a sake farawa daga tsakiyar gari a ce kuɗi sun ƙare kafin a iso Mayo da Umbadda. Mu Hausawan birnin nan mun saba yin shiru a irin waɗannan tarurruka, mu ce kada a ga mun cika baki. Iyayenmu a nan aka haife su, haraji muke biya, 'ya'yanmu ne suke kwanciya idan ruwa ya gurɓace.

Yaron nan ya dawo karatu, yana nan a layin gaba. Yanzu duk ranar Alhamis, kafin a tashi, nakan ajiye littafi in fito da kwalbar lita ɗaya da ƙaramin cokali, yara su zo ɗaya bayan ɗaya su auna. Makon jiya shi na ce ya nuna wa sababbin zuwa. Ya auna shida, ya auna rabi, ya juya, ya ɗanɗana, ya ce musu kada ya fi hawaye gishiri.